Wane Ya Haifi Wane: Asalin Gidajenmu da Littafin Baftisma

Wa'azi a kan Bishara ta hannun Matiyu 1:1-17, zuwa ga jama'ar Tudun Kaya da sauran masu bi na ƙasar Karaye da Rogo



Ya ku 'yan'uwana ƙaunatattu cikin Kristi, kusan kowace shekara ran 17 ga watan Disamba, saura kwana takwas Kirsimeti, Ikkilisiya Katolika a ko'ina cikin duniya takan karanta farkon Bishara ta hannun Matiyu. Karatu ne wanda katikis da yawa ba sa so ya faɗo a kansu, gama sunaye ne zalla, waɗansu ma da wuyar faɗi: wane ya haifi wane, wane kuma ya haifi wane, har jama'a su soma gyangyaɗi. Duk da haka, da waɗannan sunaye ne Ruhu Mai Tsarki ya ga dama ya buɗe Sabon Alkawari. Kafin mu ji wa'azin Yesu ko al'ajibansa, sai da aka fara gaya mana gidan da ya fito. Ɗan Allah bai ji kunyar a rubuta asalinsa ba, saboda haka mu ma ya kamata mu zauna mu rubuta namu, tun waɗanda suka san shi suna da rai.

Abin da Matiyu ya ƙi ɓoyewa

Matiyu ya kasa sunayen kashi uku, kowane kashi tsara 14: daga Ibrahim zuwa Dawuda, daga Dawuda zuwa lokacin da aka kwashe Yahudawa bauta zuwa Babila, daga nan kuma zuwa haihuwar Almasihu. Da maroƙi aka ba wannan aiki, da ya tsince sarakunan kirki ya wasa su, ya binne sauran. Matiyu kuwa ya bar kowa a wurinsa. Ga Ahaz da Manassa a ciki, sarakunan da suka bi gumaka har suka miƙa 'ya'yansu hadaya cikin wuta, kamar yadda Littafin Sarakuna na Biyu ya nuna a sura 16 da sura 21. Ga kuma mata huɗu kafin Maryamu, alhali ta wajen maza Yahudawa suke lissafin asali. Tamar ta haifa wa surukinta tagwaye. Rahab karuwa ce a Yariko. Rut baƙuwa ce daga ƙasar Mowab, gwauruwa mai yin kala a gonar Bo'aza. Ta huɗun matar Uriya ce, wadda Dawuda ya sa aka kashe mijinta a bakin daga, ya ɗauke ta.

Akwai kuma waɗansu a kashi na uku, kamar su Azor, da Akim, da Eliyud, waɗanda ba mu da labarinsu a ko'ina cikin Littafi Mai Tsarki sai wannan ambato guda. Ba su yi sarauta ba, ba su yi annabci ba. Sun yi aure, sun haihu, sun ciyar da iyali, sun mutu. Amma ta bayansu alkawarin Allah ya ratsa shekaru ɗaruruwa har ya iso gidan Yusufu masassaƙi. Irin waɗannan mutane ne kakanninmu. Tarihin Kano ya jera sarakuna tun daga Bagauda, amma ba wanda ya jera sunayen manoman da suka sare dajin nan suka kafa gidajen da muke ciki. In mu ba mu rubuta su ba, babu mai rubutawa.

Waɗanda aka nemi sunansu aka rasa

Wajen shekara 445 kafin haihuwar Kristi, Nehemiya ya gama gina garun Urushalima, sai ya ga birnin da faɗi, mutane kuwa kaɗan. Ya samo littafin asalin waɗanda suka fara komowa daga Babila, aka duba shi gida gida. A sura 7 ta littafinsa an ambaci gidaje uku na firistoci, watau gidan Hobaya, da na Hakkoz, da na Barzillai, waɗanda suka nemi sunansu cikin rubutun suka rasa. Aka dakatar da su daga aikin firist, aka hana su cin abinci mafi tsarki. Ba a ce sun yi wani laifi ba. Sunansu ne kawai aka rasa a takarda, suka biya.

Wannan abu yana faruwa a tsakaninmu har yau. Yaro yakan ji kiran Allah zuwa makarantar horar da firistoci, ko yarinya zuwa gidan sistoci, abu na fari da za a tambaya shi ne takardar baftisma da ta tabbatarwa, sai iyaye su ce katin ya ɓace tun ran da ɗaki ya rushe da damina, ba su kuma tuna majami'ar da aka yi ba. Saurayi da budurwa sukan haɗu a Kano ko Kaduna, su shirya aure, an kai kuɗi, an sa rana, sa'an nan wata gwaggo ta ce ai kakarsu ɗaya. Dokar Ikkilisiya ta 1983, a lamba 1091, ta ce dangantakar jini takan hana aure har zuwa 'ya'yan wa da ƙane, da 'ya'yan ya da ƙanwa, da taubasai. Irin wannan aure ba ya ɗauruwa sai da izinin Bishof, izinin kuwa kafin biki ake nemansa. Shi ya sa ake sanarwar aure a majami'a, shi ya sa kuma Fada yakan tambayi sunayen iyaye da kakanni.

Ga kuma maganar ƙasa. Ɗanmu yakan je neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma domin makaranta ko aiki, wani ya ji sunansa Bulus ko Istifanus, ya ɗauka baƙo ne daga kudu. Yaron da zai iya cewa ni ɗan wane ne, jikan wane, na gidan wane a Tudun Kaya, mai unguwa ya san mu, dagaci ya san gonarmu, ya gama magana. Wanda bai san sunan kakansa ba sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Haka nan rabon gado. Dā iyakar gona kuka ce ko tsamiya ko jerin gamba, kowa ya sani. Amma alama takan gushe. Da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Karaye a 1992, ruwa ya rufe gonaki masu yawa tare da alamominsu. Abin da ruwa ba ya rufewa shi ne abin da aka rubuta aka adana.

Littafin da ke ofishin Fada

Ikkilisiya uwa ce, ba ta haihuwa ta manta. A 1563 Majalisar Trent ta umarci kowane firist mai riƙon jama'a ya ajiye littafin baftisma da na aure, a 1614 kuma Paparoma Bulus na Biyar ya ƙara da na matattu. Dokar da muke bi yanzu ta maimaita wannan a lamba 535, a lamba 877 kuma ta faɗi abin da za a rubuta: sunan wanda aka yi wa baftisma, sunayen iyayensa, sunan uban baftisma ko uwar baftisma, wanda ya yi baftismar, wurin da ranar, tare da ranar haihuwa da wurinta. A gefen wannan layi ake ƙara tabbatarwa, da aure, da naɗin firist, da wa'adin sistoci na har abada. Ko a Legas ka yi aure, za a aiko da sanarwa a rubuta a gefen sunanka a majami'ar da aka yi maka baftisma. Layi ɗaya ne, amma yana ba ka tsara biyu a take, kai da iyayenka. In an sami layin mahaifinka, an sami sunan kakanka ke nan, ko da shi kakan bai taɓa taka majami'a ba.

Sai dai a san inda za a nema. A wurin da aka yi baftisma ake rubutawa, kuma a zamanin da firistoci suke kaɗan, Fada yakan zo ƙauye daga nesa, ya yi baftisma, ya koma ya rubuta a littafin babbar majami'ar da ya fito. In daga baya aka raba ƙasar aka kafa sabuwar majami'a, tsohon littafi yana nan a tsohon wuri. Ku tuna kuma Kano tana ƙarƙashin Kaduna har 1991, sa'ad da aka ware ta, ta kuma zama cikakkiyar Dayosis a 1999. Zariya ta sami tata a 2000. Malumfashi tana ƙarƙashin Sakkwato har 2023, sa'ad da aka kafa Dayosis ta Katsina aka ba Bishof Gerald Mamman Musa, Bahaushe ɗan ƙasar Malumfashi. Mu da muke bakin iyaka, muna aurayya da ƙaura tsakanin Kano da Katsina da Kaduna, gida ɗaya yana iya samun sunayensa a warwatse cikin littattafan Dayosis uku. Waɗansu iyayenmu kuma a ECWA ko Angilikan aka fara yi musu baftisma. Baftismar da aka yi da ruwa, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Ikkilisiya ta karɓe ta, ba a sakewa. Ku je ku gai da fastonsu da ladabi, ku roƙa a duba muku.

In za ku zo nema, ku zo da sunaye duka. Mutum ɗaya yakan zama Nomau a gida, Ɗanladi a kasuwa, Bitrus a majami'a. A waɗansu tsofaffin littattafai ma da Latin aka rubuta, Bitrus ya zama Petrus, Yohanna ya zama Joannes, sunan ƙauye kuma an rubuta shi yadda kunnen Bature ya ji. Kada kuma ku ji haushi in Fada bai miƙa muku littafin ku buɗa da kanku ba. Doka ta hana, domin asirin gidaje da yawa yana ciki. Shi zai duba, ya rubuto muku naku, ya sa hannu da hatimi.

Inda littafin ya tsaya

A yawancin gidajenmu bangaskiya ba ta wuce tsara biyu ko uku ba, saboda haka littafin baftisma zai raka ku ɗan zango ne ya tsaya. Daga nan sai bakin tsofaffi, gama da tsohuwar zuma ake magani. Amma a san yadda ake tambaya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta ko surukinta, ɗa kuma ba ya tsare ubansa da tambaya. Wanda kunya ba ta ɗaure shi ba shi ne jika. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, saboda haka ku tura jikokin da suka iya rubutu, da goro a hannu, su zauna da daddare bayan an ci tuwo. Kada a tsallake gwaggo da inna. Maza sukan san gona da iyaka, amma mata ne suka san wace aka auro daga wane gida, wace ta fita, wane yaro aka ba wa riƙo. Sunayen mata su ne suke fara ɓacewa, domin an kai su gidan wasu. Matiyu bai bar su sun ɓace ba, mu ma kada mu bari.

Sunayenmu na gida su kansu labari ne. Audi ya zo duniya bayan mutuwar ubansa. Tanko ya biyo bayan mata, Kande ta biyo bayan maza, Gambo ya biyo tagwaye. Inda kuka ji Ajuji, ku sani uwar ta binne 'ya'ya kafin a samu wannan, ku tambayi ko nawa ne, ku rubuta su, gama su ma 'yan gidan ne. Ku tambayi zanen fuskar gidanku, da kirarinsa, da kufan da aka taso, da dalilin tasowa.

Tsofaffi ba sa lissafi da lambar shekara, da abin da ya faru suke yi, ku ne za ku juya shi. Turawa sun ci Kano a 1903. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911. Yunwar Kakalaba ta 1914 ce. Sarkin Kano Abbas ya rasu a 1919, Abdullahi Bayero ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, Ado Bayero ya hau a 1963. Sarauniyar Ingila ta zo a 1956. An yi canjin hannu a 1972, aka yi canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973, shekarar babban fari. In tsohuwa ta ce tana goyon wane aka canja kuɗi, kun sami shekarar haihuwarsa.

Takardun hukuma ma suna da taimako. Har zuwa 1979, sa'ad da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, kowane baligi yana biyan haraji ta hannun mai unguwa da dagaci, ana ba shi rasit. Ku duba gwangwanaye da tsofaffin akwatuna kafin ku zubar, gama rasit ɗaya yana nuna suna da gari da shekara. Haka takardar sayen gona, da katin asibiti, da rajistar makarantar firamare, musamman daga 1976 da aka buɗe ilimi kyauta. Mai ƙoƙari yana iya zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna, inda rahotannin gundumomi na zamanin Turawa suke. A can sunayen garuruwa da na masu sarauta da yawan jama'a ne suka fi yawa, amma sukan tabbatar da cewa ƙauyenku yana nan tun wancan zamani.

Kakanninmu da ba su ji Bishara ba

Na san abin da ke hana waɗansu wannan aiki. Sukan ce, Fada, kakana Bamaguje ne, yana da tsafi a gindin tsamiya, yana yanka, me zan yi da sunansa yanzu da na zama sabon mutum? Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Manassa ya fi kakanka nisa cikin tsafi, ga shi kuwa cikin asalin Mai Ceto. Tuna suna daban, yanka daban. Mun bar yanka da zuba giya a gindin itace, ba kuwa za mu koma ba, gama hadayar Kristi ta isa. Amma doka ta huɗu, ta girmama uba da uwa, ba ta ware iyayen da ba a yi wa baftisma ba.

Majalisar Batikan ta Biyu ta koyar a 1964 cewa mutumin da bai san Bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, ya bi abin da lamirinsa ya nuna masa, yana iya samun ceto ta wurin alherin Allah. Shari'arsu tana hannun wanda ya fi mu jinƙai. Namu shi ne mu gode, mu yi musu addu'a. Su ne suka koya mana noma, da riƙon amana, da kunyar ƙarya, har da Bishara ta zo ta tarar da ƙasa a gyare. Littafin Sirak, sura 44, bayan ya yabi shahararrun kakanni, ya juya ya tuna da waɗanda suka shuɗe ba wanda ya riƙe sunansu.

Haka kuma 'yan'uwanmu Musulmi. A gidaje da yawa na ƙasar nan wa ya shiga Musulunci, ƙane ya shiga Kiristanci, uwa ɗaya uba ɗaya. Ku rubuta su da 'ya'yansu a wurinsu. Ku je ku tambaye su, sau da yawa ma su ne suka riƙe abin da kuka manta. Zumunta a ƙafa take, kuma jikokin da suka san kakansu ɗaya, da wuya wani ɗan siyasa ya haɗa su faɗa.

Gargaɗi

Akwai rami a wannan hanya. Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan gardamar asali wadda ba ta da iyaka ba ta kuma gina kowa. Yohanna Mai Baftisma ya gaya wa masu taƙama da Ibrahim cewa Allah yana da ikon ta da 'ya'ya ga Ibrahim daga duwatsu. Wanda ya binciko asali domin ya ce gidansu ne suka fara karɓar Fada, saboda haka kujerar shugaban majami'a gadonsu ce, ya ɓata aikin. Wanda ya tono cewa kakan wane bawa ne, ko an haifi wane ba aure, ya mai da shi abin gori a bakin rijiya, ya yi zunubi, sai ya je ya furta. Luka, a sura 3, ya bi asalin Yesu har ya kai Adamu, domin kowa ya ga inda muka haɗu. A littafin baftisma ɗan mai unguwa da ɗan barantaka layi ɗaya ɗaya suke da shi, faɗinsu ɗaya. Wannan ne Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙarfafa a 1995, bayan taron Bishof-bishof na Afirka, da ya kira Ikkilisiya iyalin Allah.

Littafin ofishin Fada takarda ce, gara tana ci, yoyo yana jiƙawa. Inuwa ce ta wani littafi, wanda Ru'ya ta Yohanna ta kira Littafin Rai. Da almajirai suka komo suna murna aljanu sun yi musu biyayya, Yesu ya ce abin murnarsu shi ne an rubuta sunayensu a sama. Fada ne yake rubuta na ƙasa da alkalami. Na sama kuwa ba a gadonsa, kowa da bangaskiyarsa da aikinsa.

Abin da za mu yi

Kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, 'ya'yanmu na birni za su zo gida Kirsimeti. Kowane mai gida ya sayi littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. A fara da masu rai, a koma baya tsara tsara, wajen uba da wajen uwa. A rubuta sunan gida da na baftisma, da garin haihuwa, da wanda aka aura, da inda aka binne. Abin da aka gani a takarda a sa masa alama, abin da aka ji a baki a rubuta sunan wanda ya faɗa. A yi kwafi biyu, kada su kwana ɗaki ɗaya. Wanda katinsa ya ɓace ya gaya wa katikis tun yanzu, kada ya jira sai ana gobe ɗaurin aure. In an yi rasuwa a kawo suna a rubuta. In an haihu a yi rajista a ofishin hukumar ƙidaya, kamar yadda dokar ƙasa ta 1992 ta wajabta. Zumuntar Mata su ɗauki nauyin zagaya tsofaffin da ba su da mai rubuta musu, kwamitin majami'a kuma ya nemi akwatin ƙarfe domin takardun da ke hannun katikis. In Allah ya kai mu 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da dukan matattu, kowane gida ya zo da littafinsa, mu karanta sunayen a gaban bagade.

Mu yi addu'a. Ya Allah na Ibrahim, da Ishaku, da Yakubu, kai da ka san kakanninmu tun ba su san ka ba, ka ji ƙansu, ka ba su hutawa. Ka tsawaita ran tsofaffinmu har su gaya mana abin da suka sani. Ka tsare mu daga fahariya da gori, ka haɗa kan gidajenmu, ka kuma sa sunayenmu da na 'ya'yanmu su tabbata cikin Littafin Rai. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.